Sunan Mai Hannu: Daga Duwatsun Suwidin Zuwa Takardun Birnin Kano

Unguwar Sheshe, a cikin ganuwar Kano, suna ce ta mutum. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa Sheshe cikin Wangarawa kimanin 40 da suka zo daga Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). Mandawari ma yana cikin jerin, shi ma ya bar wa unguwa sunansa. Sai dai wanda ya riƙe alƙalami ya adana waɗannan sunaye bai rubuta nasa ba. Sai a shekarun 1990 John Hunwick ya kawo hujjar cewa Ɗan Rimi Malam Barka ne ya tsara littafin a zamanin Sarki Muhammadu Bello (1882–1893), kuma masana ba su haɗu a kan haka ba. Ɗaya littafin da ya yi bayanin zuwan Wangarawa, wato Asl al-Wangariyyin, yana ɗauke da shekarar 1061 Hijira (1650–51), ya kuma kai zuwan nasu zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), amma shi ma ba a san mawallafinsa ba.

Domin a gane girman wannan giɓi, yana da kyau a dubi inda masu hannu suka sa suna. A ƙarni na 11, mutanen Suwidin sun kafa dubban duwatsun tunawa da mamata, fiye da 1,000 a lardin Uppland kaɗai. Da haruffan da ake kira run ake sassaƙa rubutun, yawanci cikin jikin maciji mai kanannaɗewa. Tsarin kusan ɗaya ne: wane ya kafa dutse domin wane, sau da yawa a biyo da roƙon Allah ya taimaki ran mamacin, domin lokacin Kiristanci na shiga ƙasar. A kan wasu duwatsun, masassaƙin yakan ƙara sunansa. Ta haka aka san Asmund Karesson da Fot da Balle, da kuma Opir, wanda ya sa suna a kan duwatsu kusan 50.

Waɗannan 'yan sunaye suka zama ma'auni. Da su masana suka gane hannun kowane gwani ta siffar macijinsa da yadda yake jera haruffa, har suka danganta duwatsu marasa suna ga masu su. Da aka auna zurfin saran da na'urar leza, sai ta bayyana cewa dutse guda kan ɗauki hannu fiye da ɗaya: gwani da yaransa. Sunan da ke jiki, ashe, wani lokaci sunan gidan sana'a ne.

Kano tana da irin wannan sa hannu, sai dai a kan takarda yake. Marubucin da ke kwafar littafi yakan fere alƙalaminsa daga gamba, ya haɗa tawada da bagaruwa da ƙaro, ya yi rubutu a kan takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a Italiya, fatake su kawo ta ta Tarabulus. Ba a ɗinke littafin. Warƙoƙi ne sake, a ƙasan shafi a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba don kada su rikice, sannan a sa su cikin tadarishi da gafaka. Idan ya kai ƙarshe, sai ya rubuta "tammat", wani lokaci ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, da sunan wanda aka rubuta wa, da ranar gamawa, ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa da malamansa. Mai aiki, mai biya, da addu'a: abubuwa ukun da ke kan dutsen Uppland ke nan.

Bambancin yana cikin juriya. Dutse ya kai shekara kusan 1,000 yana tsaye. Littafin da ba a ɗinke ba kuwa, warƙar farko da ta ƙarshe su ne gara da danshi da yawan taɓawa ke fara ci, kuma a ta ƙarshen sunan marubuci yake. Idan ta ɓace, matanin yana nan a wasu kwafe-kwafe, amma shaidar wanda ya rubuta, da yaushe, da kuma don wa, ta tafi har abada.

Akwai rubuce-rubuce a Gidan Ɗan Hausa da Jami'ar Bayero da Gidan Arewa a Kaduna, akwai kuma masu yawa a akwatunan gidajen malamai na cikin birni. Duk mai ɗaukar hotonsu ko jera su, wajibi ne ya rubuta sunan mai kwafa kamar yadda yake rubuta na mawallafi. Idan aka tara isassun shafukan ƙarshe masu suna da kwanan wata, za a iya gane hannun malami a hannun almajirinsa, a kuma mayar da littattafai marasa suna ga zaurukan da aka rubuta su.