Jirgin Da Aka Ce Ba Ya Ciwuwa: Tarihin Invincible

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa teku, mu ji labarin wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Invincible, wato gagarabadau. Sunan dai ya yi daɗin ji, amma ƙarshensa abin tausayi ne.

A 1904 aka naɗa Admiral John Fisher babban hafsan sojan ruwan Ingila. Shi ra'ayinsa, jirgin da ya fi kowa gudu ba ya bukatar sulke mai kauri: in ya ga wanda ya fi shi ƙarfi ya ranta a na kare, in ya ga na ƙasa da shi ya cim masa. A kan wannan dabara kamfanin Armstrong Whitworth ya ƙera Invincible. An jefa shi ruwa a 1907, ya kama aiki a 1909. An ɗora masa manyan igwa 8 masu bakin inci 12, irin na babban jirgin nan Dreadnought, kuma yana cin kimanin mil 29 cikin awa ɗaya, alhali Dreadnought mil 24 yake yi. To amma taura biyu ba ta taunuwa. Don ya samu wannan gudu sai aka rage masa ƙarfen jiki: kaurin sulkensa inci 6, na Dreadnought kuwa inci 11.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, dabarar ta fara yin rana. A Nuwamba 1914 Admiral von Spee na Jamus ya nutsar da jiragen Ingila biyu a gaɓar ƙasar Chile. Nan da nan aka tura Invincible da ɗan'uwansa Inflexible su rama. Ran 8 ga Disamba 1914 suka yi arangama kusa da tsibiran Falkland, can kudancin Tekun Atlantika. Jiragen Jamus, Scharnhorst da Gneisenau, ba su kai su gudu ba, igwansu kuma ba su kai nasu girma ba. Kafin dare duka biyun sun nutse, von Spee ya halaka, Invincible kuwa ko mutum ɗaya bai rasa ba. Wannan shi ne aikin da aka ƙera shi dominsa.

Sai dai manyan soja sun ga jirgi da manyan igwa, suka sa shi cikin faɗan manya. Ran 31 ga Mayu 1916, a yaƙin Jutland kusa da Denmark, Admiral Horace Hood ya shiga da shi. Da farko ya yi wa jirgin Jamus Lützow mummunar ɓarna. Kwatsam hazo ya yaye, Lützow da Derfflinger suka gan shi sarai, suka buɗe masa wuta. Harsashi ya fasa ɗakin igwa na tsakiya, wuta ta bi ta gangara rumbun albarushi. Jirgin ya tashi, ya rabe gida biyu. Mutum 1,026 suka mutu, har da Hood. 6 kacal suka tsira. A ranar kuma Indefatigable da Queen Mary, masu irin ƙirarsa, suka tarwatse haka nan.

Masana tarihi sun ce laifin ba na sulke kaɗai ba ne. Don a yi harbi da sauri, sojojin sun saba jibge albarushi a kan hanya, suna barin ƙofofi a buɗe. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Gawar jirgin tana nan kwance a ƙarƙashin teku, dokar Ingila ta hana a taɓa ta, don kabarin mutane ce. Allah ya kyauta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.