Jariri ya makara wajen zama ko riƙe abu: yaushe ya kamata a nemi ƙwararre?

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da na gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, kamar Maiwurno da ke kusa da Sinnar, idan jariri ya makara wajen zama akan ce wa uwa ta yi haƙuri, kowane yaro da lokacinsa. Maganar gaskiya ce, amma tana da iyaka. Iyaye da yawa ba sa damuwa sai yaro ya kasa tafiya, alhali alamun matsala sukan bayyana tun shekarar farko, a wuya da hannu da wajen shan nono. A lokacin ne kuma ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo.

Mene ne wannan magani?

Fanni ne na kiwon lafiya da ke horar da mutum kan ayyukan yau da kullum. Da Faransanci sunansa ergothérapie, da Larabci kuma ilaj wazifi. Aikin jariri shi ne tsotso, haɗiya, kallo, kai hannu, riƙe abu da wasa. Likitan gashin ƙashi ya fi mayar da hankali kan ƙarfin jiki, tsayuwa da tafiya. Shi kuwa wannan ƙwararren yana duba yadda yaro ke amfani da hannunsa da bakinsa, ya nuna wa uwa yadda za ta zaunar da shi, ta goya shi, ta ba shi kunu ba tare da ya shaƙe ba.

Ma'aunin makara

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan yara a Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Ya nuna cewa yaro mai lafiya kan zauna da kansa tsakanin wata 4 da wata 9, ya yi tafiya tsakanin wata 8 da wata 18. Wasu ma ba sa rarrafe sam, kuma lafiyarsu lau. Idan bakwaini ne, sai a cire makonnin da ya rage bai cika ba kafin a ƙirga.

Alamun da ba a jira a kansu

Wata 4: wuya bai tsaya ba, hannu kullum a dunƙule, ko ba ya bin fuska da ido.

Wata 6: ba ya kai hannu ga abu, jiki ya sandare ko ya saki kamar tsumma, ƙafafu suna harɗewa idan an ɗaga shi.

Wata 9: ba ya zama da kansa, ba ya mayar da abu daga wannan hannu zuwa wancan.

Wata 12: ba ya tsintar ƙaramin abu da yatsu biyu, ko hannu ɗaya kawai yake amfani da shi. Yaro ba ya zama bahago kafin shekara. Sau da yawa rauni ne a ɗaya ɓangaren.

A kowane wata: yawan shaƙewa wajen ci, ko daina abin da ya riga ya iya.

Jariran da suka fi bukatar sa ido su ne waɗanda ba su yi kuka da wuri ba bayan doguwar naƙuda, bakwaini, da waɗanda suka yi shawara mai tsanani, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, tamowa ko sikila. Yaron da ake kira ɗan ruwa galibi ɗaya daga cikin waɗannan ne ya same shi, ba laifin uwarsa ba ne.

Jijjiga, zazzaɓi da sandarewar wuya, ƙin nono gaba ɗaya, ko shawarar da ta kai tafin hannu da ƙafa, waɗannan na asibiti ne a ranar.

Ina za a je?

Masu wannan sana'a ba su da yawa a Sudan, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula lamarin. Wad Madani, inda manyan asibitocin Jazira suke, ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025. Kafin nan, rikicin 2022 ya raba dubban Hausawa da gidajensu a yankin Damazin da Rusairis.

Saboda haka ba a jiran sai an samu ƙwararren. Matakin farko shi ne wurin rigakafi ko awon yara mafi kusa: a faɗi abin da yaron ba ya yi da watanninsa, a nemi a tura shi ga likitan yara, a duba ji da gani. Inda likitan gashin ƙashi ne kawai, a fara da shi. Ɗan bidiyon yaron a wayar salula yana taimaka wa likita sosai.

A gida, a riƙa kifa shi a tabarma yana farke ana kallonsa, amma barci a rigingine. A miƙa masa cokali ko ludayi ta ɓangaren da ba ya so, a ciyar da shi a zaune, ban da ɗura. Horo ba ya goge raunin da ya riga ya samu ƙwaƙwalwa, amma yana rage ƙagewar gaɓoɓi da shaƙewa, yana kuma kusantar da yaro ga ciyar da kansa da hannunsa.