Ƙaramin garin baƙi a bakin kogin Isa: tarihin Jami'ar Musulunci ta Say da mutanen cikinta

Yau za mu ƙetara kogi. A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Konni, an saba jin ana cewa malamin madarsa kaza, ko limamin masallaci kaza, ko mai fassara a rediyo, "a Say ya yi karatu". Muna faɗin sunan kamar mun san wurin, alhali da yawa cikinmu ba su taɓa zuwa ba, ba su kuma san dalilin da ya sa aka kai jami'ar can ba. To bari mu duba inda wurin yake, yadda aka yi ya zama haka, da irin mutanen da ke kwana suna tashi a cikinsa, tunda ƴaƴanmu na cikin waɗanda ke cika shi.

Garin Say yana jihar Tilaberi, wajen kilomita 55 kudu da Yamai, a bakin kogin Isa. Wanda ya taso daga gabas sai ya shiga Yamai tukuna, ya hau gada, ya faɗa Harobanda, sannan ya kama hanyar kudu. Akwai wani abu da zai ba ku sha'awa a nan. A bakin Zabarmawa da Songhai, gaɓar kogi ta hagu, wadda mafi yawan birnin Yamai yake kanta, sunanta Hausa, gaɓar dama kuwa sunanta Gurma. Say tana ɓangaren Gurma. Ke nan ɗalibin da ya bar Maraɗi ya tafi Say ya bar Hausa sau biyu: ya bar ƙasar Hausa, ya kuma bar gaɓar Hausa. Mutanen garin da kewayensa galibi Fulani ne da Zabarmawa, ga Gurmawa a ƙauyukan yamma da kudu. Ƙasa ce ta noman gero da shinkafa, da kiwo, da su. Idan aka ƙara nausawa kudu sai a tarar da Tamu da gandun namun daji na W, wanda aka raɗa wa suna saboda yadda kogin ya lanƙwashe a wurin kamar harafin W.

Me ya sa Say? Amsar tana komawa wajen shekara 200 baya. Wajen 1825 wani malami Bafillace, Alfa Mahaman Jobbo, wanda ya biyo kogi daga yamma yana karantarwa, ya zauna a wurin da almajiransa. An san shi da wa'azi da sasanta mutane fiye da yaƙi, kuma yana da alaƙa da Gwandu, ɓangaren yamma na daular Sakkwato. Almajirai suka yi ta zuwa, gari ya kafu a kan karatu. Kabarinsa yana nan cikin garin, zuriyarsa kuma ita ke riƙe da sarauta. Ban da karatu, Say mashigi ce. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja neman goro suna cikin masu ƙetare kogi a nan da jakuna da kaya, su bi ta ƙasar Gurma. Baturen nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, wanda kuma ya ratsa Tasawa da Damagaram, a Say ya ƙetare kogi cikin watan Yunin 1853 a kan hanyarsa ta Tumbutu, ta nan kuma ya biyo da ya komo a 1854.

Sunan Say ya shiga tarihin kowannenmu ta wata ƙofar. A 1890 Faransa da Ingila suka zauna suka ja layi a kan taswira daga Say zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Daga baya an yi ta gyara layin a 1898 da 1904 da 1906, har ya zama iyakar da muke ƙetarawa yau a Ɗan Isa, Magarya ko Konni. Ita kanta Say an yi ta yawo da ita. Turawa sun taɓa haɗa ta da Dahome, sannan ta shiga Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yanzu, sai a ƙarshen 1926 aka yanke shawarar maido ta cikin Nijar. Hanyoyin fatake suka mutu, Yamai ta zama babban birni, Say ta koma ƙaramin gari mai babban suna. Sunan nan na karatu shi ya sa a 1957 aka buɗe madarsar gwamnati ta farko a garin, inda ake haɗa Larabci da Faransanci. Daga ita ne tsarin makarantun faranko-arab ya bazu a ƙasar.

Zancen jami'a kuwa daga nesa ya taso. A watan Fabrairun 1974 shugabannin ƙasashen Musulmi suka yi taronsu na biyu a birnin Lahore na Pakistan, ƙarƙashin ƙungiyar OCI. Aka amince da kafa jami'o'in Musulunci biyu a Afirka kudu da Sahara, ɗaya a Yuganda domin ƙasashe masu aiki da Ingilishi, ɗaya a Nijar domin Afirka ta yamma. Wata biyu bayan taron sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, don haka aikin ya faɗo zamanin Seyni Kunce. Sai da aka yi shekara 12 kafin a buɗe ƙofa a 1986. Ta Yuganda, a garin Mbale, ta biyo baya a 1988. Ku tuna a lokacin jami'a ɗaya tak gare mu, ta Yamai, wadda ta soma a 1971 kuma daga baya aka sa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa masanin hasken rana. Ita da Faransanci take karantarwa. Yaron da ya taso da Larabci, in yana son zurfafa karatu, sai dai ya nemi hanyar Azhar, Madina, Libiya ko Sudan. Wanda bai samu ba ya haƙura. Wannan giɓin aka zo cikewa.

Ba a tsakiyar gari aka gina jami'ar ba. Fili aka ware mata a waje, aka yi masallaci, azuzuwa, ɗakin littattafai, ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen malamai. Wannan zaɓi shi ya tsara rayuwar wurin har yau. Ɗalibin jami'ar Yamai yana iya fita ya hau gada ya ɓace cikin birni, ya kwana gidan kawunsa a Bukoki ko Lazare. Na Say ba shi da wannan. Inda yake karatu nan yake ci, nan yake salla, nan yake kwana, kuma fuskokin da ya gani da asuba su zai gani bayan isha'i. Shi ya sa muka ce ƙaramin gari ne.

To su wane ne mutanen wannan gari? Za mu iya kasa su uku.

Na farko ɗalibai, su ne mafi yawa, kuma kusan dukansu baƙi ne a Say. Akwai ƴan Nijar daga kowace jiha, akwai ƴan Najeriya, Mali, Burkina Faso, Benin, Gine, Senegal da sauran ƙasashen yankin. Ɗaki ɗaya yana iya haɗa mai jin Bambara da mai jin Yarbanci da Bahaushen Madawa. Wani ya zo da Faransanci, wani da Ingilishi, wani ba shi da ko ɗaya. Abin da ya haɗa su Larabci ne, shi ne harshen aji kuma shi ne harshen da baƙo da baƙo ke fara gaisawa da shi. In an fita sayayya cikin gari kuwa, sai Zabarmanci da Fillanci su karɓi fage. Hausa tana tsakiya, domin ita ce ke haɗa ɗan Damagaram da ɗan Katsina da ɗan zangon Kumasi ba tare da tafinta ba.

Na biyu malamai da shugabanni. Tunda jami'ar ta OCI ce, ba ta gwamnatin Nijar kaɗai ba, an daɗe ana samun malamai daga ƙasashen Larabawa suna zama da na Afirka ta yamma, har shugabancinta ma ƴan waje, irin su ƴan Maroko, sun riƙe shi. Da tafiya ta yi tafiya, wasu daga cikin ɗaliban farko suka ƙaro karatu suka dawo suna karantarwa. Kuɗin tafiyar da ita ma daga waje mafi yawansa ke zuwa, ta asusun tallafi na ƙungiyar da gudummawar ƙasashe da masu hali. Wannan alheri ne, amma yana da nasa haɗari: in hannun da ke bayarwa daga nesa ya yi sanyi, a tukunyar ɗalibi ake fara gani.

Na uku su ne waɗanda ba a cika ambata ba: masu gadi, masu dafa abinci, direbobi, masu shara, masu wanki, masu shayi da burodi, mata masu ƙosai da fura, mahauta da masunta. Su ne ƴan ƙasa, su ne igiyar da ta ɗaure jami'a da gari. Cinikinsu yana bin kalandar karatu kamar yadda kogi ke bin lokacinsa. In ɗalibai suka dawo, kasuwa ta cika. In aka yi babban hutu, wuri ya yi tsit, mai shayi ya koma gona.

Akwai abu biyu da ya kamata mu lura da su game da wannan jama'a. Na ɗaya, gari ne na samari. Babu tsofaffi, yara kaɗan ne, kuma duk bayan ƴan shekaru mutanensa sun sake gaba ɗaya. Na biyu, gari ne na maza. Da aka zo buɗe wa mata ƙofa, a Yamai aka yi musu nasu sashe. Ta wani gefen wannan ya sauƙaƙa wa iyaye, don uban da ba zai bar ɗiyarsa ta tafi wajen gari ba yana iya barinta a birni kusa da dangi. Sai dai ya nuna mana cewa nisan kilomita 55 ba ɗaya ba ne ga namiji da mace. Jami'a ɗaya ce, amma jama'arta a wuri biyu take, da hanya a tsakani.

Wannan yanayin wurin, wanda a da ake yabo saboda natsuwa, yau ya zo da wata damuwa. Tun ƙarshen 2018 aka sa gundumar Say cikin dokar ta-ɓaci tare da Torodi da Tera, saboda matsalar tsaro a yankin iyaka da Burkina Faso da dajin W. Duk uwar da ɗanta ke can ta san yadda gabanta ke faɗuwa in ta ji an ambaci Tilaberi a labarai, ko da abin ya faru nesa da garin. Jami'ar da aka gina domin tara baƙi daga ƙasashe da yawa ta fi kowace buƙatar hanya mai lafiya.

Sai babbar tambaya: ina suke zuwa in sun gama? Wasu sun zama malaman makarantun faranko-arab, wasu limamai, wasu masu fassara, wasu sun shiga ƙungiyoyin agaji ko ofisoshin jakadanci, wasu sun buɗe makarantun kansu. Amma mun sani, kun sani, shekara da shekaru ofishin gwamnati da Faransanci yake aiki, kuma mai takardar Larabci ya sha tsayawa a bakin ƙofa yana kallon wanda bai fi shi karatu ba yana wucewa. Wannan na cikin abin da ya sa jami'ar, wadda ta soma da Larabci da ilimin addini da shari'a, ta ƙara wasu fannoni na zamani daga baya. Duk da haka gyaran daga gida yake farawa. Yaron da muka tura da Larabci mai ƙarfi da Faransanci mai rauni, mun rufe masa rabin ƙofofi tun kafin ya hau mota. Wanda kuma muka tura don kawai bai samu wuri a wani waje ba, shi ma mun cuce shi.

Yau Say ba ita kaɗai ba ce a wajen Yamai. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, waɗanda yanzu ke ɗauke da sunayen Ɗan Dikko Ɗankulodo, Jibo Hamani da André Salifu, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ke nan abin da mutanen Say suka gani tun 1986 ya iso ƙofar gidanmu: samari da ƴan mata baƙi, masu wani harshe, masu neman ɗakin haya da abinci mai sauƙi. Yadda muke son a riƙe namu a bakin kogi, haka ya kamata mu riƙe ɗan Gaya ko ɗiyar Tera da suka zo karatu garinmu. Kar mu tsawwala musu kuɗin haya, kar mu mai da su abin zargi a unguwa. Baƙon malami ne ya kafa Say, baƙin almajirai suka raya ta.

Muna kira ga waɗanda suka yi karatu a can, tsofaffi da sababbi, ku faɗa mana a ƙasa shekarar da kuka shiga, garin da kuka fito, da ƙasashen abokan ɗakinku. Tarihin wurin yana cikin kawunanku, kuma in ba a rubuta ba zai tafi da ku. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya tsare ɗalibanmu a duk inda suke, ya sa karatun ya amfane su ya amfane mu.