Motar Kaya Ce Ko Motar Shiga? Tarihin Wata Taƙaddamar Haraji a Birtaniya

A dokar Birtaniya, idan kamfani ya bai wa ma'aikacinsa mota, kuma ya bar shi yana biyan buƙatun kansa da ita, ana ɗaukar wannan alfarma tamkar ƙarin albashi, don haka sai an biya mata haraji. Abin da ya daɗe yana haddasa gardama shi ne wace iri ce motar, domin kowace da nata lissafin.

Tun daga 1993 aka tsayar wa motar dakon kaya adadi guda: fam 500 ake ƙarawa a kan albashin shekara, sannan a cire haraji. A 2007 adadin ya tashi zuwa fam 3,000, a shekarar haraji ta 2025/26 kuma ya kai fam 4,020. Ita kuwa motar shiga, tun 2002 ake lissafinta da farashinta da yawan hayaƙin da take fitarwa, har zuwa kashi 37 cikin ɗari na farashin. Ma'aikacin da ke biyan harajin kashi 40, idan motarsa ta fam 45,000 ce mai yawan hayaƙi, a lissafin 2025/26 zai biya fam 1,608 a shekara in an kira ta motar kaya, amma fam 6,660 in an kira ta motar shiga.

Wannan rata ce ta sa kasuwar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, irin su Toyota Hilux da Ford Ranger, ta buɗe. Shekara da shekaru hukumar haraji ta HMRC tana karɓar kowace a matsayin motar kaya muddin za ta ɗauki tan ɗaya. Sai mutum ya kai 'ya'yansa makaranta a cikinta, ya biya harajin ɗan dako.

Shari'ar kamfanin Coca-Cola ce ta sauya lissafin. Kamfanin ya bai wa ma'aikatansa motocin Volkswagen Kombi da Vauxhall Vivaro waɗanda aka ƙara wa kujeru a bayan direba. Dokar 2003 ta ce motar kaya ita ce wadda ƙirarta ta fi dacewa da ɗaukar kaya. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa motar da ta dace da mutane da kaya daidai wa daida ba ta cika wannan sharaɗi ba, saboda haka motar shiga ce.

A ranar 12 ga Fabrairun 2024 HMRC ta sanar cewa za ta ɗora hukuncin a kan a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Manoma da dillalan motoci suka yi ca, kuma mako guda kacal gwamnatin 'yan Conservative ta janye. Janyewar ba ta yi ƙarko ba. A kasafin kuɗin 30 ga Oktoba na wannan shekarar, ministar kuɗi Rachel Reeves ta jam'iyyar Labour ta dawo da matakin daga Afrilun 2025, tare da sassauci ga motocin da aka riga aka saya ko aka yi odarsu har zuwa Afrilun 2029. Sai dai a harajin VAT ma'aunin tan ɗaya yana nan, don haka a yau Hilux guda tana iya zama motar kaya a wani fom, motar shiga a wani.