Salak ɗin Caesar: Haɗin da Aka Ƙirƙira a Bakin Iyaka

A watan Janairun 1920 dokar haramta barasa ta fara aiki a Amurka. Mashayu suka rufe, gidajen abinci da yawa suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Masu kuɗin Kalifoniya kuwa suka gano mafita: su tuƙa mota zuwa San Diego, su tsallaka iyaka, sai ga su a Tijuana ta ƙasar Meksiko, inda hannun dokar bai kai ba. Kafin ka ce kwabo, ƙaramin garin ya cika da otal-otal da gidajen caca da 'yan kallon sukuwar dawaki, har da taurarin fina-finan Hollywood.

Cikin waɗanda suka bi wannan kasuwa akwai Caesar Cardini, ɗan Italiya da aka haifa a 1896 a yankin tafkin Maggiore. Ya yi ƙaura zuwa Amurka yana saurayi, ya yi sana'ar abinci a Kalifoniya, sannan ya buɗe gidan abinci a Tijuana yayin da yake zaune a San Diego. Sunansa ne salak ɗin ya ɗauka, ba na Kaisar sarkin Rum ba kamar yadda wasu ke zato.

'Yarsa Rosa, wadda aka haifa a 1928, ita ce ta riƙa ba da labarin har ƙarshen rayuwarta. A cewarta, ranar 4 ga Yulin 1924, ranar bikin 'yancin kan Amurka, baƙi suka yi wa gidan abincin cikar ƙwari har kayan girki suka kusa ƙarewa. Cardini ya duba abin da ya rage: latas mai dogon ganye da ake kira romen, ƙwai, man zaitun, tafarnuwa, lemon tsami, burodi, cukun Parmesan da kwalbar miyar Worcestershire. Ya ɗora su a kan teburi mai taya, ya tura shi tsakiyar ɗakin cin abinci, ya haɗa komai a gaban jama'a. Abin da ya faro daga ƙarancin kaya sai ya zama abin kallo, kowane teburi yana so a zo a yi masa.

Sirrin yana cikin mahaɗin. Akan jiƙa tafarnuwa a man zaitun tun da wuri don ƙamshinta ya shiga, a gasa gutsattsarin burodi da wannan mai har su yi ƙaras-ƙaras. Ƙwan kuma minti ɗaya kacal yake yi a tafasasshen ruwa, ya ɗumama amma bai dahu ba. Mai da ruwan lemo ba sa haɗuwa da kansu. Gwaiduwar ƙwai ce ke riƙe su, domin tana ɗauke da sinadarin lesitin da ke tarwatsa mai zuwa ƙananan ɗigo ya hana su sake taruwa. Shi ya sa mahaɗin ke yin kauri ya manne wa ganye, kamar yadda dakakken ƙuli-ƙuli ke kama zogale a kwaɗo. Romen kuma ya dace da aikin saboda jijiyar tsakiyarsa mai ƙarfi ce, ba ta laushi da wuri. Sharaɗi ɗaya ne: a wanke ganyen, a tsane shi sarai, a sanyaya shi. Jiƙaƙƙen ganye ba ya karɓar mai.

Julia Child, wadda daga baya ta koya wa Amurkawa girkin Faransa ta talabijin, ta ci wannan salak tana yarinya lokacin da iyayenta suka kai ta Tijuana a tsakiyar shekarun 1920. Ta tuna yadda Cardini da kansa ya fasa ƙwai biyu a kan latas, abin da ya ba ta mamaki. Da ta zo rubuta littafinta na 1975, sai ta nemi Rosa domin ta tabbatar da yadda ake haɗin. A nan ne aka ji cewa tun asali ba a yayyanka ganyen. Akan jera shi ɗungurungum a faranti, a kama gindinsa da yatsu a ci.

Ba kowa ne ya yarda da labarin Rosa ba. Ɗan'uwan Caesar, Alex Cardini, wanda ya tuƙa jirgin sama a rundunar Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, an ce shi ya haɗa irinsa ga wasu matuƙan jiragen Amurka, ya kira shi salak ɗin matuƙa jirgi, kuma nasa yana da anchobi, ƙananan kifayen nan da ake adanawa cikin gishiri. Iyalan Livio Santini, wani ɗan Italiya da ya yi aiki a kicin ɗin Cardini yana matashi, sun ce haɗin mahaifiyarsa ne. Abin da duk ɓangarorin suka amince da shi shi ne gari ɗaya da zamani ɗaya: Tijuana, shekarun 1920, a hannun baƙi 'yan Italiya masu ciyar da Amurkawa.

Maganar anchobi ta daɗe tana raba kawunan masu girki. Caesar bai yarda a saka shi ba. Rosa ta ce ɗan ɗanɗanon kifin da ake ji daga miyar Worcestershire yake fitowa, kuma haka ne, domin kamfanin Lea & Perrins na Ingila, wanda ya fara sayar da ita a 1837, yana saka anchobi cikin kayan da yake tsimawa.

Kasuwar Tijuana ta ja baya bayan Amurka ta soke dokar barasa a watan Disambar 1933, sannan Shugaba Lázaro Cárdenas ya haramta caca a Meksiko a 1935. Cardini ya koma Los Angeles da iyalinsa, inda jama'a suka riƙa zuwa neman mahaɗin nasa, har ya fara zuba shi a kwalba yana sayarwa. Ya rasu a 1956, Rosa ta ci gaba da riƙe kasuwancin. Kwalba ta kai sunan ko'ina, daga kantuna zuwa abincin jirgin sama, aka kuma riƙa ɗora masa gasasshiyar kaza ya zama cikakken abincin rana. Sai dai an biya farashi. Mahaɗin kwalba dole ya jure watanni a kan kanta, don haka ba shi da ɗumin sabon ƙwai ko kaifin lemon da aka matse yanzu. Tsoron ƙwayar cutar salmonela kuma ya sa gidajen abinci da dama suka koma ga ƙwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta da zafi, wasu suka maye gurbinsa da mayonis.

Gidan abincin Caesar's yana nan a titin Avenida Revolución na Tijuana. Ya durƙushe har aka rufe shi a 2009, iyalan Plascencia, sanannun masu gidajen abinci a Tijuana, suka farfaɗo da shi a 2010, kuma a watan Yulin 2024 garin ya yi bikin cikar salak ɗin shekara 100. Ma'aikata sanye da farar riga suna turo teburi zuwa gaban baƙo, su murje tafarnuwa da mustad a babban akushin katako, su saka gwaiduwa, su tsiyayo mai a hankali suna juyawa har ya kama, sannan su birkita ganyen a ciki. Lemon da suke matsawa kore ne irin na Meksiko, kuma a haɗin nasu na yau akwai anchobi, abin da ya fi kusa da hannun Alex fiye da na Caesar.