Madugu Mai Gashin Baki da Hanyar da Ta Kawo Mu Yawunde

A shekarar 1849, da labarin zinariyar Kalifoniya ya bazu a Amurka, dubban mutane sun ɗaura wa shanu amalanke mai rumfa suka nausa yamma, tafiyar wata huɗu zuwa shida. Da yawansu sun riƙa rubuta abin da ya same su kowace rana: inda aka sami ruwa, saniyar da ta faɗi, abokin da kwalara ta kashe aka binne a gefen hanya. Jikokinsu na karanta waɗannan takardu har yau.

Mu ma jikokin matafiya ne. Duk Bahaushen da ke Briketeri ko Cité Verte, in ya bi salsalarsa, zai iske wani kaka da ya taso daga Kano, Katsina, Zazzau ko Bauci. Sai dai namu ba amalanke gare su ba. Jaki ne da takarkari da kan ɗan alaro, kuma zinariyar da ta ja su Adamawa fara ce: hauren giwa.

Ayari gari ne mai tafiya. Madugu ke shugabanci, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa. Jagaba na gaba yana duba zango, malamin ayari na riƙe da lissafi da addu'a. Ana fita da riguna da turkuɗi da dutsen wuya, a ƙetare Binuwai, a hau tudun Ngawundare ko a bi ta Banyo da Tibati. Kuma kada mu yi wa kanmu ƙarya, ba haure kaɗai ake komowa da shi ba, har da bayi. Wannan ma yana cikin gadon.

Mafi yawan waɗannan fatake sun tafi da labarinsu kabari. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da nasu ya tsira shi ne Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, Bakano da ya daɗe yana fataucin Adamawa. Shi ne ya yi wa Bajamushe Eduard Flegel jagora, wanda ya isa Ngawundare a 1882, aka kuma rubuta a littattafan Turai cewa shi ya gano mafarin kogin Binuwai. Mu dai abin na ba mu dariya. Wanda aka kama wa hannu aka kai shi bakin ruwa, shi ne ya gano ruwan?

A 1884 Flegel ya tafi Jamus tare da Mai Gashin Baki da wani madugun, Ɗan Tambari. A 1885 ya buga ɗan littafi a Hambug, inda ya fassara labarin abokan tafiyar nan nasa zuwa Jamusanci, ya kira shi warwatsattsun shafuka daga littafin tafiyar abokansa Hausawa. Tarihin rayuwar Madugun kuwa sai a 1984 M. B. Duffill ya fitar da shi da Ingilishi.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi kwanan wata. A watan Yulin 1884 Jamus ta kafa tutarta a Duwala. A watan Nuwamba na shekarar aka buɗe taron Barlin, inda Turawa suka shata ƙa'idojin rabon Afirka, ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a teburin ba. Wato shekarar da madugan nan suka ga Barlin, ita ce shekarar da aka fara yanka ƙasar da suka ƙare rayuwarsu suna ratsawa. Flegel ba yawon buɗe ido yake yi ba, so yake Binuwai ta shiga hannun Jamus kafin Ingilishi. Bai cim ma burinsa ba, ya mutu a Brass a 1886. Amma hanyar ta riga ta shiga taswira. Tibati ta faɗi a 1899, Ngawundare da Garwa a 1901, Marwa a 1902. Yola kuma Ingilishi suka ci ta a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita gudun hijira.

Shin Madugu ya ci amana ne? Ba mu ga haka ba. Falke ne da ya saba raka baƙo a biya shi, kuma a 1882 Bature guda da 'yan dakonsa bai yi kama da mai cin ƙasa ba. Amma ba za mu ce hannunsa bai taɓa abin ba. Sanin hanya dukiya ne, shi kuwa ya ba da shi.

Kuma hanyar nan ce ta kawo mu. Da Jamusawa suka kafa sansani a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, suka kuma buɗe hanyar Yoko da ƙarfin bindiga, fatake suka gangaro kudu da tufafi da shanu, mahauta da maɗinka suka biyo su. Zango ya zama unguwa. Unguwar kuma, bayan an yi ta matsar da ita, ta zauna a Ekudu, ta ɗauki sunan wurin da ake gasa bulo.