Daga Lekki Zuwa Fadamar Nguru: Tarihin Gidauniyar NCF

A shekarar 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya buɗe wa Najeriya ƙofa, hankalin masu hannu da shuni ya karkata ga kwangila da gine-gine, wani dattijon ɗan kasuwa haifaffen Epe ya tara abokansa a Legas kan wata magana ta daban. Sunansa Cif Shafi Lawal Edu, yana dab da cika shekara 70. Ya yi arzikinsa ne a harkar kai wa jiragen ruwa kayan masarufi, daga baya ya shiga inshora. Abin da ya dame shi shi ne yadda dazuzzuka ke ƙarewa, namun daji na ɓacewa, kuma babu wata ƙungiya ta 'yan ƙasa da ta ɗauki wannan a matsayin aikinta. Daga wannan zama aka haifi Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wadda aka fi sani da NCF. An yi mata rajista a 1982, kuma cikin waɗanda suka dafa masa akwai fitaccen akanta Akintola Williams da ɗan kasuwa A. P. Leventis.

Kafin wannan lokaci, daji na gwamnati ne. Ita ke shata gandu, ita ke ɗaukar malaman daji, ita ke kama wanda ya sare itace ko ya harbi barewa. Gandun Yankari ma haka aka kafa shi tun a shekarun 1950. Talaka dai ya san gandun daji a matsayin wurin da ake hana shi shiga, mai kuɗi kuma bai ga abin da ya shafe shi ba. Sabon abin da Cif Edu ya zo da shi shi ne cewa mutane masu zaman kansu za su iya haɗa kuɗi da ilimi su tsaya wa daji.

Shekarun farko sun tafi ne a kan wayar da kai, musamman kafa ƙungiyoyin 'yan makaranta, da kuma neman abokan aiki a waje, irin su Asusun Kare Namun Daji na Duniya, WWF. Gidauniyar ta sa hannu a dajin Okomu na jihar Edo ta yanzu, inda wani biri mai farin maƙogwaro yake, har wurin ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Ta yi aiki a dazuzzukan Kuros Riba da na Gashaka-Gumti, waɗanda aka mayar na tarayya a 1991.

Abin da ya fi fito da sunanta shi ne Cibiyar Lekki, wadda aka kafa a 1990 a kan fili mai faɗin hekta 78, da tallafin kamfanin mai na Chevron. A lokacin, Lekki daji ne da fadama. Yau manyan gidaje da kantuna sun kewaye wurin ta ko'ina, sai wannan ɗan yanki ya rage yadda Allah ya halicce shi. Mai ziyara zai bi ta kan gadar katako da aka shimfiɗa a bisa ruwan fadama, birai na tsalle a kansa, wasu har su sauko su fizge abincin da ke hannunsa. A 2015 aka ƙara wata gada mai lilo a saman itatuwa, tsawonta mita 401. Da ba a killace filin nan da wuri ba, da tuni an yanka shi fuloti-fuloti.

Amma a ganina, ba a Lekki gidauniyar ta yi karatunta mafi muhimmanci ba. A Arewa ta yi shi, a fadamar Haɗeja da Nguru.

Duk wanda ya san yankin ya san yadda rayuwa ke tafiya da ruwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna gangarowa su baje a cikin ƙasa mai tudun yashi, kafin su haɗu su nufi Gashuwa da Tafkin Chadi. Idan ruwa ya cika a ƙarshen damina, manomi na da shinkafarsa a ciki. Idan ya fara janyewa, a bi sawunsa da wake da albasa da tattasai. Masunta na zuba koma, Fulani na sauko da shanu da rani saboda ɗanyar ciyawa, mata na yankan kaba suna saƙa tabarma. A daidai lokacin hunturu kuma sai ga baƙi daga Turai: agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki, sun ƙetaro Bahar Rum da Sahara, su sauka cikin dinya da kirinjijiya da zalɓe na gida.

Waɗannan tsuntsaye ne suka fara jawo hankalin masu kare muhalli. A 1987 aka kafa Shirin Kare Fadamar Haɗeja-Nguru, da haɗin gwiwar NCF da ƙungiyar IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, da gwamnatocin jihohin da abin ya shafa. A lokacin ba a ƙirƙiro Jigawa da Yobe ba tukuna. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan zamani, wanda shi ne shugaban WWF a lokacin, ya zo har Dagona ya ga tsuntsayen da idonsa.

Ba a daɗe ba ma'aikatan shirin suka gane cewa ƙidayar tsuntsu ba za ta ceci fadama ba. Matsalar tana can saman kogi. An gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ga kuma fari da ya yi ta maimaituwa. Ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu ƙwarai. Wani abin takaici kuma, ruwan da ake saki daga madatsun duk shekara ba ƙaƙƙautawa ya ba ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa. Inda ta toshe, wani gari ya nutse, wani kuma ya bushe. Ga kuma tsuntsun jan-baki da ke samun mafaka a cikinta, yana cinye hatsi. Manomin da gonarsa ta koma dajin kachala ba zai saurari wa'azin agwagwar Turai ba, kuma yana da gaskiya.

Sai shirin ya juya akalarsa zuwa maganar rabon ruwa. Masana suka zauna suka yi lissafin abin da fadama ke samarwa na noma da kifi da itacen girki, suka gwada da abin da manyan ayyukan ban-ruwa na Kano ke samarwa da ruwa daidai wannan. Sakamakon ya nuna fadama ce ta fi riba, nesa ba kusa ba. Wannan bincike ya zama abin kafa hujja a ƙasashe da dama, kuma yana cikin dalilan da aka riƙa kawowa don adawa da gina madatsar Kafin Zaki a kogin Jama'are. Cikin 'yan ƙasa da suka yi fice a aikin akwai Dakta Muhtari Aminu-Kano, wanda daga baya ya shugabanci gidauniyar baki ɗaya. A shekarar 2000, tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar. Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008.

Cif Edu ya rasu a 2002, ana kuma gudanar da lacca duk shekara don tunawa da shi. Gidauniyar ita ce abokiyar aikin ƙungiyar BirdLife a Najeriya. A 'yan shekarun nan ta ɗauki maganar ungulu, wadda a da ba a rasa ta a kowace mahauta, yanzu kuwa yaro zai girma a birni bai taɓa ganinta ba. Ana kashe ta ne don sayar da sassan jikinta a haɗa magani, shi ya sa gidauniyar ke zama da masu maganin gargajiya kan su koma ga tsirrai. Ta kuma ƙaddamar da shirin farfaɗo da dazuzzuka, da burin su kai kashi 25 cikin ɗari na faɗin ƙasar nan zuwa 2047.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Galibin ayyukan sun dogara ne ga manyan kamfanoni da masu tallafi na ƙetare, kuma idan wa'adin tallafi ya ƙare, aiki yakan yi sanyi alhali kachala ba ta tsaya ba. Arewa ce hamada ke ci, Arewa ce ke da fadamar da dubban gidaje ke ci daga gare ta, amma har yanzu ba mu ga attajiranmu sun yi irin abin da Cif Edu ya yi ba. Muna kira ga masu hali na Kano da Haɗeja da Nguru da Gashuwa, da sarakunanmu, su sa hannu a wannan aiki da dukiyarsu da bakinsu, su fara da yashe hanyoyin ruwan da kachala ta toshe.